Awon Takwarori

Shekarar da na gama karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, ban sami aiki ba, sai na koma zaman gida a Birik, unguwarmu a Yawunde. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tela ne. Shagonsa yana kan gangaren da ke sauka wajen masu soya, wato masu tsire, kekunan ɗinki huɗu a ciki da teburin yanka wanda ya girme ni. Kayan maza yake ɗinkawa: babbar riga, kaftani, jamfa da wando. Awon mutane kuwa yana cikin littattafan 'yan makaranta da ya ɗaure da ƙyalle, wasu ruwan sama ya shiga ya narkar da tawadarsu. In mutum ya aiko da yadi ya ce a ɗinka masa da tsohon awonsa, Kawu sai ya yi rabin sa'a yana lasar yatsa yana buɗe shafi.

Ni na kawo maganar in rubuta masa ɗan shiri a ordinata, wato kwamfuta, da zai riƙe awon. Ya dube ni ta saman tabarau.

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Tana da batir, Kawu."

"In aka sace ta fa?"

"Zan riƙa kwafe komai a filas, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura, ka ajiye a aljihu."

Washegari dai na tarar ya share min gefen tebur.

Abin da na rubuta ba wani babban abu ba ne. A cikin shirin, komai bibbiyu yake tafiya: mabuɗi da abin da yake buɗewa. Mutum shi ne mabuɗi, awonsa shi ne abin da ke bayansa. A cikin awon ma haka: wuya da lambarsa, kafaɗa da lambarta, ƙirji, hannu, tsawo. Muddin shirin yana buɗe, duk wannan yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura. In an tashi rufe shago da la'asar sakaliya, sai ya juye shi zuwa rubutu a cikin fayil, a tsarin da ake kira JSON, da safe kuma ya karanto shi. Juyewar nan ba ni na rubuta ta ba. Akwai kayan aikin da wasu suka riga suka yi, kowa da shi yake amfani; na miƙa masa bayanan, na bar shi ya rubuta yadda ya saba.

Ranar da na nuna wa Kawu cikin fayil ɗin, nan ya fara zargina. Inda ya kamata ya ga ƙirji, sai ya ga \u0199irji. Kafaɗa ta zama kafa\u0257a. Awon kuma a hargitse, tsawon wando ya riga wuya, hannu ya faɗa tsakanin ƙugu da cinya.

"Wannan wane yare ne?"

Na ce haka na'ura take rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, ita ta san abinta.

"Ita ta sani, ke kin sani, ni mai shagon ban sani ba," ya ce. "To, Allah ya kyauta."

Mutum uku ke aiki a shagon ban da shi. Biyu 'yan unguwa ne, tun suna samari suke tare da shi. Na ukun baƙo ne, Bazazzagi, bai cika shekara da zuwa Yawunde ba. Dogo ne, ba ya son magana, gwani wajen aikin wuyan riga. Har daga unguwar Cité Verte ake zuwa ana cewa shi ake so ya yi. Ba ya jin Faransanci sai na gaisuwa da na tsayar da taksi. Kawu yana kiran awo da santimita, da lambobin Faransanci. Baƙon kuwa da inci yake aunawa, sai ya juya a takarda kafin ya shigar. Ni yana ce min Malama, Kawu kuma Oga, abin da Kawu bai taɓa so ba, amma bai hana shi ba.

An yi wata biyu lafiya. Sai wani malamin unguwarmu, dattijo siriri mai tsawo wanda yake jan salla a ƙaramin masallacin bayan layinmu, ya kawo shadda a ɗinka masa riga don walimar saukar ɗalibansa. Kawu da kansa ya aune shi, ni na shigar da lambobin. Bayan kwana goma Bazazzagin ya buɗe shirin, ya kwafi awo, ya yanka, ya ɗinka.

Ina shagon ranar da malamin ya zo gwadawa. Rigar ta tsaya masa a gwiwa, jamfar kuwa mutum biyu irinsa za su shiga su yi hira. Ya tsaya a gaban madubi hannuwansa a buɗe, yana murmushi. Da ya yi faɗa da ya fi wa Kawu sauƙi.

"Allah gafarta Malam, kuskure ne, a yi haƙuri," Kawu yake ta faɗa, yana cire masa rigar da hannunsa.

Malam yana fita Kawu ya juya kan Bazazzagin. Shi kuma bai yi musu ba, ya zo ya buɗe shirin ya nuna. Abin da ke rubuce a gaban sunan malamin shi ya yanka, ko ɗigo bai kauce ba. Sai dai lambobin ba su ne na shigar ba. Na tuna tsawon da Kawu ya kira, domin har na yi mamakinsa. Wanda ke allo ya gaza shi da kusan taƙi biyu.

"Wani ya taɓa," na ce.

Har yau ina jin muryata ina faɗin haka. Ban ce wane ba, amma mutum uku ne kawai suka iya shigar da awo: ni, da Kawu, da shi.

Kawu ya sayi wata shaddar ya ɗinka da kansa. Maganar ta kwanta, amma ba ta mutu ba. Da farko muka ce ko wajen juya inci zuwa santimita ne baƙon ya rikice, ya je ya gyara abin da ba a sa shi ba. Na zauna na lissafa, lissafin bai fita ba: kuskuren inci zai ƙara komai ne ko ya rage komai, ba zai gajarta mutum ya kuma faɗaɗa shi ba. Da wannan ya faɗi, sai muka koma ga abin da ya fi shi muni. Mai sayar da zare da maɓallai na kusa da mu ya raɗa wa Kawu cewa an ga baƙon nan a unguwar Messa yana tambayar shagon haya. Kawu ya haɗa wannan da wancan: yana ɓata aikin shagon ne da gangan don mutane su gudu, in ya buɗe nasa su bi shi.

Ni ma na yarda. Ban yarda don ina da hujja ba. Na yarda don ɗaya hanyar ita ce in ce shirina ne ya yi, ni kuwa na gwada shi sau ba adadi. Na shigar da awo, na duba, yana nan. Na canza, ya canzu. Me kuma ya rage?

Bayan mako uku abin ya sake faruwa. Wani direban taksi ya karɓi wando, ƙafar ta wuce diddigensa da nisa. Wannan karon ɗaya daga cikin 'yan unguwa ne ya yanka, amma awon da ya samu a shirin ba na direban ba ne. Kawu ya kira ni bayan shago, inda ake shanya yadi.

"'Yar nan, abin naki ba zai iya gaya mana wanda ya taɓa ba?"

Na ce zai iya. Na ƙara wani ɓoyayyen sashe wanda yake rubuta duk canjin da aka yi, da lokacinsa, ba tare da mai yin ya sani ba. Na koma zama a shagon tun safe, wai ina gyaran shiri, alhali ido na sa wa baƙon. In ya tashi ya nufi ordinata, sai in bi shi da ido. In ya daɗe yana kallon allo, in ce ga shi nan. In wayarsa ta yi ƙara ya fita waje ya amsa, in ce da mai shagon Messa yake magana. Shi kuma ya gane. Ya daina cin abinci tare da sauran, ya koma cin nasa a kan kekensa. In zai duba awo sai ya ce, "Malama, zo ki karanta min," ya tsaya nesa hannunsa a baya.

Kwana tara sashen nan yana aiki. A rana ta goma, Kawu ya lura awon wani ɗan kasuwa da ya san jikinsa sarai ya canza. Na buɗe sashen. Babu komai. Ba wanda ya taɓa awon mutumin nan. Jiya da rana daidai yake, yau da safe ya zama na wani.

Mai hankali a nan zai tsaya. Mu kuwa sai muka ce ai bayan an rufe shago ake shigowa. Kawu ya canza kwaɗo, ya karɓe makullan kowa. Ya fara kallon 'yan unguwar nan biyu ma da wani ido. Wata rana na kama shi yana kallona ni kaina, ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko akwai wani tela da ya taɓa neman in ba shi fayil ɗin. Shagon da a da rediyo da gardamar ƙwallo ba sa barin a ji ƙarar keke ya koma shiru.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ruwa ya tsuge. Kawu ya maƙale a wani wuri, sauran biyun ba su dawo ba. Daga ni sai Bazazzagin. Yana aikin wuya, bai ɗago kai ba ya ce, "Malama, in tambaye ki?"

Na ce ina ji.

"Rigar da na ɗinka wa Malam, kin san jikin wa ta yi wa daidai?"

Na ce ban sani ba.

"Mahaucin nan na bakin kwalta, gajere mai ƙiba. Ni na aune shi, kwana uku bayan an auni Malam. Hannuna ya san awon nan tun ina yankawa, na ce a raina ko Malam ɗin ƙato ne, don ban ga lokacin da ya zo ba. Sunansu ɗaya, har na uba."

Ya ci gaba.

"Direban ma yana da takwara a cikinmu, dogon nan mai shagon taya. Ɗan kasuwar ma haka. Ni ban san kwamfuta ba. Amma duk wanda awonsa ya ɓaci, an auni takwaransa daga baya. Ki duba."

Abin kunya, tunanin da ya fara zuwa min shi ne: yaya aka yi ya san duk wannan in ba shi ya shirya ba? Na ce masa zan duba, da muryar da ke nuna ba zan duba ba. Amma da na koma gida na kasa cin tuwo. Na ɗauko ordinata tawa, na ƙirƙiri mutum biyu masu suna ɗaya, na ba ɗaya tsawo, ɗaya gajarta. Na duba, kowa da nasa. Na rufe shirin, na sake buɗewa. Dukansu sun zama gajeru.

Na buɗe fayil ɗin na karanta shi da idona, layi bayan layi, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da Kawu ya ce wane yare ne. Ga shi nan a fili. A ƙwaƙwalwar na'ura, mabuɗin mutum cikakke ne, da sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa, don haka takwarori ba sa haɗuwa. Amma JSON ba ya karɓar mabuɗi sai rubutu zalla. Da kayan aikin nan ya zo rubutawa, sai ya tambayi kowane mutum yadda ake rubuta shi, ni kuwa tun farko na tsara a riƙa nuna suna kawai, don allo ya yi kyau. Sai ya rubuta suna ɗaya sau biyu, kowanne da awonsa. Da safe in ana karantowa, na ƙarshe ya danne na farko, shirin ya raba wa su biyun awo ɗaya. Duk gwajin da na yi a baya, ban taɓa gwada takwarori ba. Ni da na tashi a layin da in ka kira suna ɗaya mutum biyar za su waiwayo.

Gyaran da zai tsayar da ɓarnar bai fi aikin minti ashirin ba. Na yi shi a ranar. Abin da ban yi ba shi ne faɗa. Asabar na je shago na sa gyaran ba wanda ya sani. Na ce a raina in abin ya daina faruwa, maganar za ta mutu da kanta. Bazazzagin ya dube ni sau ɗaya da safe, yana jiran in ce wani abu. Na sunkuyar da kai. Lahadi ma haka. Ranar Litinin na ji Kawu yana gaya wa mahaifiyata a tsakar gida cewa bayan Salla zai sallami baƙon, ya gaji da kwana da ido ɗaya a buɗe. Sai na fito daga ɗaki na durƙusa na gaya masa.

Bai fahimta ba da farko, ya ɗauka rufa wa mutumin asiri nake. Sai da na kai shi shago na sa shi da hannunsa ya shigar da takwarori biyu, ya rufe, ya buɗe. Ya yi haka sau uku. Ya cire tabarau ya goge.

"Tun yaushe kika sani?"

"Juma'a."

"Yau Litinin."

Na ce e.

Ya kira Bazazzagin ya ce ya jawo kujera. "Ka ga abin da mu ba mu gani ba," ya ce masa. Iyakar haƙurin da ya ba shi ke nan. Ni na ce, "Ka yafe min." Ya ce, "Ba komai, Malama," yana kallon zaren da ke hannunsa.

A zaman nan Kawu ya kafa sharaɗi: ko dai fayil ɗin ya zama abin da shi zai iya karantawa, ko in kwashe na'urata. Sai na daina barin kayan aikin yana rubuta yadda ya ga dama, na zauna na rubuta masa ƙa'idojinmu, mu uku muna gardama a kan kowacce. Na ce mabuɗi ya zama suna haɗe da lambar waya. Kawu ya ce mutanen Birik suna canza layi kamar hula. Bazazzagin ya ce a ba kowa lambarsa ta shago, wadda ba za a sake ba wani ba ko da mai ita ya rasu. Aka tsaya a nan. Na sa kowane mutum ya zama gida guda a fayil ɗin: lambarsa, sunansa, laƙabinsa, sana'arsa, sannan awo. Awon kuma ya bi yadda tef yake sauka a jiki, wuya, kafaɗa, ƙirji, tumbi, hannu, har ƙasa. Na sa a rubuta ƙ da ɗ yadda muke rubuta su. Kowace lamba ta zo da ma'auninta a gefe, santimita ko inci, don kada kowa ya sake juya komai a takarda. Gaɓar da ba a auna ba, a da kayan aikin yana tsallake ta. Yanzu sai a rubuta ba a auna ba. Kawu ya nemi a ƙara sunan wanda ya auna. Na ga Bazazzagin ya ɗan ɗaga gira, amma ya ce hakan ya yi. Na ƙarshe nawa ne: in shirin ya ga mabuɗi ɗaya sau biyu, ya ƙi rubutawa, ya yi ƙara.

Na buga fayil ɗin a takarda na kawo. Kawu ya bi shi da yatsa tun daga sama, yana motsa leɓe. Awon takwarorin da aka danne, wasu na samo su a tsofaffin kwafin filas, wasu sai da aka aika aka kira masu su aka sake aunawa. Mahaucin ya zo yana dariya, ya ce a ba shi rigar Malam ɗin tunda dama tasa ce. Aka ba shi, ya sa ta ranar Salla.

Bayan Salla da mako biyu Bazazzagin ya yi wa Kawu sallama. Ya kama shago a Messa, kusa da kasuwar Mokolo. Kawu ya sa masa albarka a gaban mutane, ya ba shi almakashi. Da yamma kuma ya jawo ni gefe.

"Kin gani? Ashe maganar shagon gaskiya ce. Wannan fayil ɗin da kika mayar kowa na iya karantawa, kin tabbata bai ɗauki hotonsa ba?"

Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Wasu daga cikin masu son aikin wuyansa sun bi shi, amma waɗannan ko ba fayil za su bi shi.

Watanni bayan haka, na riga na sami aiki a wani ofis, na biya ta Messa da gangan. Shagon ƙarami ne, keke biyu. Ya tashi ya ba ni kujera, ya aika aka kawo min ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar Oga da ta mahaifiyata. Na daɗe ina juya kofin kafin na tambaye shi ko kwana ukun nan da na yi shiru su suka sa ya tafi.

"A'a, Malama," ya ce. "Nan ya fi kusa da masu yadi."

Ya jawo wata shadda ya shimfiɗa, ya fara nuna min wani sabon zanen wuya da ake yayi. Na yaba, domin ya yi kyau. Ban yarda da amsarsa ba, shi ma bai yi wani ƙoƙarin in yarda ba. Ya rako ni har bakin titi, ya tsayar min da taksi, ya faɗa wa direban ya kai ni Birik da Faransancinsa da ya ɗan ƙaru.